Yadda Za Ka Shirya wa Intabiyun Neman Aiki a Kano

Na shafe shekaru ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na wani kamfani da ke Sharaɗa, kuma har gobe akwai wani matashi da ba na mantawa da shi. Akawun sito muke nema. Ya shigo da sallama, ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda aka kawo ƙara, idonsa a kan takalminsa. Manajanmu ya tambaye shi ko ya taɓa aiki a wani wuri. Ya ce, "Gaskiya, ranka ya daɗe, ban taɓa ba." Har an fara rufe fayil ɗinsa, sai wata Hajiya da ke cikinmu ta ce, "To, tun da ka gama bautar ƙasa zaman me kake yi?" Ya ce ai yana ɗan taya kawunsa zama ne a shago a Kantin Kwari. Da aka bi diddigi, ashe shekara shida ke nan shi ke riƙe da littafin shagon. Shi ke ƙirga dilolin atamfa da shadda in sun sauka, shi ke rubuta bashin masu zuwa sari daga Nijar da Chadi, shi ke kai kuɗi banki. Aikin da muke nema ya fi duk waɗanda suka zo ranar saninsa, amma a wajensa wannan ba aiki ba ne, taya kawu zama ne.

Mun ɗauke shi, amma da ƙyar da jiɓin goshi, kuma ba don Hajiyar nan ba da ya tafi gida yana cewa ai dama sai mai hanya. Ban ce babu hanya a ƙasar nan ba. Kowa ya san akwai. Sai dai na ga da yawa da aka kira su tsakani da Allah, suka kayar da kansu da bakinsu. An raine mu a kan kunya da kawaici, an ce mana yabon kai jahilci ne, yaro ba ya haɗa ido da babba. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin intabiyu kuwa, minti goma sha biyar ko ashirin gare ka, kuma babu mai faɗin alherinka in ba kai ba.

Ranar da aka kira ka

Kafin murna, ka tabbatar kiran na gaskiya ne. Ka tambayi mai kiran sunan ma'aikatar, da muƙamin, da rana da lokaci, da adireshi dalla-dalla, da abin da za ka zo da shi, da ko akwai jarrabawar rubutu ko ta kwamfuta kafin a zauna da kai. Ka rubuta a takarda nan take. Babu wanda zai raina ka don ka yi tambaya.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom, ko kuɗin gwajin lafiya, ko "na goro" don a saka sunanka, ɗan damfara ne, ko da ya kira sunan wata babbar hukumar gwamnati. In kamfani ne da ba ka taɓa jin sunansa ba, ka duba shafin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka ga ko yana da rajista, sannan ka je ka ga wurin da idonka. Ke kuma 'yar'uwa, in aka ce intabiyun a ɗakin otal ne ko a gidan wani, ko bayan magariba, kada ki je. In wurin baƙo ne gare ki, ki tafi da yayanki ko ƙawarki su jira ki a waje.

Daga nan sai bincike. Me wurin nan yake yi, me yake sayarwa, su wa ke saye? In masana'anta ce a Bompai ko Challawa, ka shiga kasuwar Singa ko Sabon Gari ka ga kayansu a kan kanta, ka tambayi mai shago yadda suke tafiya da kuma kayan wa ke gogayya da su. In makaranta ce mai zaman kanta, ka san ajujuwan da take da su da ko tana haɗawa da Islamiyya. A garin nan da wuya ka rasa wanda ya san wani da ke aiki a wurin. Ka neme shi, ba don ya yi maka hanya ba, don ya gaya maka yadda aikin yake a kullum da irin tambayoyin da aka yi masa. Mun sha tambayar mutum, "Me kamfanin nan yake yi?" ya ce, "Ina jin kamar lemo ne ko?" alhali ya wuce katon allonmu a bakin ƙofa.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana uku kafin ranar, ka baje takardunka a kan tabarma ka duba su ɗaya bayan ɗaya: shaidar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, difloma ko NCE ko digiri, takardar gama bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala karatu, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, takardar NIN, da hotunan fasfo na kwanan nan kamar guda huɗu. In aikin gwamnati ne, ba makawa sai an nemi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. In kai ɗan Fagge ne ko Dala ko Gwale, sakatariyar na kusa, amma in asalinka Doguwa ne ko Tudun Wada, tafiya ce ta yini guda, kuma ba lallai ka samu mai sa hannu a zuwan farko ba. Malamin makaranta ya haɗa da shaidar hukumar rajistar malamai, wato TRCN, ma'aikaciyar jinya ta haɗa da lasisinta, ta kuma duba bai ƙare ba.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a nan shi ne saɓanin suna da na ranar haihuwa. A firamare an rubuta Muhammad, a sakandare Mohammed, a jami'a an ƙara sunan unguwa ko na gari a ƙarshe, a NIN kuma sunan kaka ya shigo. Ko takardar haihuwa ta ce 1996, NIN ta ce 1998. Mu da muka taso a nan mun san yadda hakan ke faruwa, amma wanda aka turo daga hedikwata a Legas ko Abuja ba zai gane ba, mutum biyu zai gani a fayil ɗaya. In kana da irin wannan, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun da wuri ka haɗa da sauran, kuma ka faɗa da bakinka kafin su gano.

Ka yi fotokwafi saiti uku, ka jera su iri ɗaya, na asali a fayil daban. Kada ka bari sai da safen ranar, ka je ka tarar babu wuta kuma mai shago bai tayar da inji ba. Takardar CV kuma kada ta wuce shafi biyu, kuma ka karanta ta da kyau, musamman in a shagon kwamfuta aka buga maka a kan ta wani. Na taɓa tambayar wani game da wasan ninƙaya da ya rubuta yana sha'awa, ya zaro ido, bai ma san an rubuta ba.

Labarai uku da za ka shiga da su

Nan ne ainihin shirin yake, kuma nan ne mutane ba sa ɓata lokaci.

Masu intabiyu, duk yadda suka juya tambaya, abu uku suke son sani: za ka iya aikin, za a iya amince maka, kuma za a iya zama da kai. Kowa zai ce, "Ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai haƙuri." Kafin azahar mun ji wannan sau ashirin, ba ya shiga kunnen kowa. Abin da ke zama a rai shi ne labari. Don haka ka zauna da biro ka rubuta abubuwa uku da suka taɓa faruwa da kai da gaske: wata matsala da ka warware, wata rana da aka ba ka amana ka riƙe, da wani saɓani da ka samu da mutum kuka rabu lafiya. Kowanne ka tsara shi haka: ga halin da aka shiga, ga abin da ni na yi, ga yadda ta ƙare. Ka sa adadi in akwai.

Misali, maimakon "na koyar a lokacin bautar ƙasa", ka ce: "An tura ni wata sakandare a ƙauye, na tarar 'yan aji uku sun yi zango biyu babu malamin lissafi. Na roƙi shugaban makarantar ya ba ni awa ɗaya bayan tashi, kwana uku a mako. Yara 40 na fara da su, kafin in tafi mun gama abin da ya wuce su." Ka lura babu inda ka yabi kanka a nan. Abin da ya faru kawai ka faɗa, su za su yanke hukunci. Wannan ita ce hanyar da mai kunya zai bi ya nuna kansa ba tare da ya ji yana fariya ba.

Kada ka raina komai. Zaman shago a Kwari ko Wambai, gyaran waya a Farm Centre, sana'ar POS a bakin layi, koyarwa a Islamiyyar unguwa, riƙe kuɗin adashi ko na ƙungiyar matasa, sayar da turaren wuta da kayan mata ta WhatsApp, duk aiki ne. Mai POS ya san ƙirga kuɗi, ya san lallashin wanda aka cire wa kuɗi ba su fito ba, ya san rufe lissafi da dare. Banki na neman mai irin wannan. Matar da ta shekara biyar tana dafa abincin biki na mutum ɗari uku ta san tsara ma'aikata da sayen kaya da cika alkawari a kan lokaci. In akwai shekarun da ba ki yi aikin ofis ba saboda aure ko haihuwa ko jinyar mahaifi, ki faɗa a jimla ɗaya ba tare da neman afuwa ba, ki wuce zuwa abin da kika iya.

Wani abu kuma: mun saba da "mun yi", "aka yi", saboda cewa "na yi" na yi mana nauyi a baki. A intabiyu, in kai ka yi, ka ce na yi. In tare kuka yi, ka faɗi naka kason.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ka gabatar da kanka. Ba tarihin gidanku ake so ba. Minti ɗaya zuwa biyu: sunanka, abin da ka karanta da inda ka karanta, abin da ka yi bayan nan, da abin da ya sa aikin nan ya dace da kai. In aka tambayi rauninka, kada ka ce ba ka da shi, kada kuma ka kawo wanda zai kore ka. Ka faɗi na gaskiya da abin da kake yi a kansa, kamar a ce hannunka bai faɗa sosai a Excel ba amma ka shiga koyo wata biyu ke nan. In aka tambayi dalilin barin wurinka na baya, ka kame bakinka daga zagin tsohon maigidanka, ko da ya ci haƙƙinka. Kano ƙarama ce a wannan fanni. Mai yiwuwa sahu ɗaya suke sallar Juma'a da wanda ke tambayarka. Ka ce kana neman inda za ka ƙaru, ya isa.

Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka ƙara da yadda za ka bi ka gano. Wanda ya ce ya iya wata manhaja alhali bai iya ba, sau da yawa kwamfuta ake juyo masa a ce bismillah.

Maganar Turanci

Yawancin bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da Turanci za su yi maka tambaya. Da yawa daga cikinmu mun iya rubuta shi, amma baki bai saba ba, saboda daga gida har kasuwa har cikin jami'a Hausa ce ke aiki. Maganin ba hadda ba ne. Mai hadda da an katse shi ya ɓace. Ka samu aboki ko yaya ya zauna a gabanka ya yi ta jefo maka tambaya kana amsawa da ƙarfi, kullum rabin awa, har mako guda. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji haushin kanka a karon farko, kowa haka yake ji. Gajerun jimloli, a hankali. Ba a ɗaukar mutum don ya iya karya harshe, kuma babu mai kayar da kai don harshenka na Bahaushe ne, matuƙar ana fahimtarka.

In su suka juya zuwa Hausa, ka bi su, amma kada ka riga su. Kuma ka sani Hausarka ma jari ce. Aikin talla, da na karɓar baƙi a asibiti, da na ƙungiyoyin da ke shiga ƙauyuka, duk suna buƙatar mai iya magana da jama'a. In kana iya rubuta ta daidai, ko kana jin Fulatanci ko Larabci ko Kanuri, ka faɗa.

Kaya da hanya

Kaftani mai tsabta da hula ya wadatar a mafi yawan wurare a Kano. Babbar riga ta yi yawa, ba ɗaurin aure za ka ba. In banki ne ko kamfanin da ka ga ma'aikatansa da kwat, ka sa riga da wando na Turawa masu guga. Mace ta sa abaya ko atamfa mai sanyin launi da mayafi ko hijabi, ba tare da tarin awarwaro masu ƙara ba. Takalmi rufaffe, a goge, kuma a lokacin hunturu ka sa ɗan ƙyalle a aljihu ka sake share shi a bakin ƙofa. Turare kaɗan. Ɗakin ƙarami ne, a rufe, kuma mu Kanawa hannunmu na da nauyi a wannan wajen. Guga a yi ta tun jiya, ko da ta gawayi ce.

Hanya kuwa, ka je wurin kwana ɗaya kafin ranar, a daidai lokacin da za ka fita, ka ga minti nawa za ta ci. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin a 2013, adaidaita sahu ce abin hawan mai neman aiki, ita kuma sai ta tsaya ɗauka da saukewa. Wanda zai taso daga Rijiyar Lemo ko Kurna zuwa Sharaɗa, ko daga Hotoro zuwa sabon matsugunin jami'ar Bayero a titin Gwarzo, hawa biyu ne ko uku. In da hali ka ɗauki shata ranar, ka riƙe canji a hannu. Ka tuna ranar Juma'a ana tare wasu tituna tun kafin a hau mumbari, Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli da safe, a watan Agusta kuma ruwan awa ɗaya na iya tsayar da unguwa guda. Ka isa da rabin awa a hannunka, ka share gumi, ka nutsu. Ka karya kumallo, domin an sha kiran mutane ƙarfe tara a shiga da su bayan la'asar. In lokacin salla ya yi kana jira, ka gaya wa mai kiran suna kafin ka fita, kada a kira ka a ce ba ka nan.

Ka gaida maigadi da masinja da sakatariya da mutunci. Sau da yawa bayan an tashi, manajanmu kan tambayi sakatariya, "Yaya kika ga wancan?"

A cikin ɗaki

Kashe waya gaba ɗaya. Ka yi sallama ko gaisuwa, ka jira a nuna maka kujera. Ba a durƙusawa a nan, ɗan rusunawa ya isa. Kada ka riga miƙa hannu. In an miƙo ka karɓa. In kuma ba kya musabaha da maza, ko kai ba ka yi da mata, ka ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska ka gaisa da baki. A Kano kusan kowa ya san wannan, har baƙi.

Ka zauna sosai a kujerar, ka ɗago kai. Ba an ce ka ƙura wa dattijo ido ba, amma ka dubi fuskar mai tambaya lokacin da yake magana, in kana amsawa kuma ka riƙa waiwayar sauran. Wanda bai san al'adarmu ba, in ya ga kana kallon ƙasa, zai ɗauka ko tsoro ne ko kana ɓoye wani abu. Ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji, ga fanka ga ƙarar janareta. "Yallaɓai", "ranka ya daɗe", "ranki ya daɗe" duk sun dace, amma ba a kowace jimla ba. In ba ka gane tambaya ba, ka roƙi a maimaita. In ka gama amsa, ka yi shiru. Yawancin ɓarnar da na gani a cikin ƙarin bayanin da ba a nema ba take fitowa.

Kada ka kawo kukan gida. "Ku taimaka mini, ni ne babba, mahaifina ya rasu, ƙannena takwas." Wallahi muna jin tausayi, amma takardar da ke gabanmu ba ta da gurbin ba da maki a kan wannan, kuma na bayanka ma da irin nasa. Haka nan kada ka jefo sunan wani babba da ka sani. In da gaske ya yi magana a kanka, sun riga sun ji.

Albashi

In aka ce nawa kake so, mafi yawan mutanenmu cewa suke, "Duk abin da kuka bayar, Allah Ya sa albarka." A kasuwa ba ka sayar da kayanka haka, me ya sa za ka sayar da ƙarfinka haka? Ka bincika tun a gida abin da ake biyan irin muƙamin. Ka san cewa dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, gwamnatin Kano kuma ta sa wa ma'aikatanta 71,000, sai dai dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, shi ya sa ƙananan makarantu da shaguna ke biyan ƙasa da haka. Ka lissafa kuɗin adaidaita na wata da abincin rana, ka ga me zai rage. Sannan ka faɗi tsakanin kaza da kaza, ka ce a shirye kake a tattauna.

Ka tambaya ko adadin da suka faɗa kafin cire-cire ne ko bayansa. Inda ake bin dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aikin ya ƙara kashi 10, ga kuma haraji. In suka ba ka dama ka yi tambaya, kada ka ce babu. Ka tambayi wata nawa ne na gwaji, wa za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, akwai aikin dare ko na Asabar, kai tsaye kamfanin ne zai ɗauke ka ko ta hannun ɗan kwangila, da kuma yaushe za a ji sakamako.

In ta Zoom ko WhatsApp za a yi, duk abin da na faɗa yana nan, sai ƙarin cajin waya, da data isasshiya, da layi na biyu ko da sabis zai yanke. Ka jingine wayar a kan wani abu daidai fuskarka, haske na gabanka ba bayanka ba, ka kuma roƙi mutanen gida su riƙe yara na rabin awa.

Bayan ka fito

Tun a cikin adaidaita ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da inda ka yi tuntuɓe, kafin su gudu; su ne shirin na gaba in wannan bai yiwu ba. Ka sanar da mutanen da ka ba da sunansu a matsayin masu tsaya maka cewa za a iya kiransu, don kada a buga a ji, "Wane? Ban gane shi ba." Ka bar wayarka a kunne, ka ɗaga baƙuwar lamba da sallama da nutsuwa, ka riƙa duba imel. In ranar da suka ce ta wuce da mako guda, ka tura gajeren saƙo sau ɗaya kana tambaya cikin ladabi. Kada ka mayar da bakin ƙofarsu wurin zama.

In aka ce an ɗauke ka, ka nemi takardar ɗauka a rubuce, mai ɗauke da muƙami da albashi da ranar farawa da sharuɗɗan barin aiki. Ka tafi da ita gida ka karanta, ka nuna wa wanda ya fi ka sani kafin ka sa hannu. In kana da wani aikin a hannu, kada ka ajiye shi sai takardar nan ta shigo aljihunka. Kuma duk wurin da ya ce zai riƙe takardun makarantarka na asali a matsayin jingina, ka ba su fotokwafi, ka nuna musu na asalin su gani, ka mayar da abinka cikin fayil.